Lissafin Taurari a Ƙasar Gwarzo da Kabo, Daga Zauren Malam zuwa Wayar Hannu

Ƙasar Gwarzo da Kabo, wadda ta shimfiɗu a yammacin birnin Kano a kan hanyar da ta ratsa Rimin Gado ta nufi Dayi da Malumfashi a Jihar Katsina, ƙasa ce da rayuwar mutanenta ta rataya a kan noman damina tun kaka da kakanni. A garuruwa irin su Getso da Kutama da Lakwaya da Garo da Godiya da Gude, abin da magidanci zai ci a shekara yana fitowa ne daga ruwan wata huɗu zuwa biyar, kuma duk manomin da ya yi gaggawar shuka da yayyafin farko, ko ya yi nawa har damina ta yi nisa, ya san abin da zai tarar a rumbunsa da kaka. Wannan ne ya sa sanin lokaci ya zama larura a wurinsu. Shekarar Hijira, wadda ake azumi da salla da aikin hajji da ita, kwana 354 ne, tana gaza shekarar rana da kimanin kwana 11, shi ya sa watan azumi yake zagaya bazara da damina da hunturu a cikin shekara 33 ko kusa da haka. Lissafin da ke yawo irin wannan ba zai gaya wa manomi ranar shuka ba. Saboda haka aka riƙe lissafi biyu a tare, na wata domin ibada, na taurari domin noma, kuma tarihin na biyun ne ba a cika bayarwa ba duk da cewa shi ne kimiyya mafi daɗewa da yaran karkara suka riƙa ji a bakin manya.

Tun kafin littattafai su yawaita, talaka yana da sunayen da ya laƙaba wa abin da yake gani a sama. Gungun ƙananan taurarin nan da ke cure wuri ɗaya ana ce musu Kaza da 'Ya'yanta, tauraruwa mai tsananin haske da ke fitowa gabas kafin alfijir ita ce Gamzaki, wadda kuma ake gani yamma bayan magariba kusa da jinjirin wata ita ce Zara, matar wata. Malamai sun san cewa Gamzaki da Zara abu ɗaya ne, wato Zuhura, wadda take yin watanni tana fitowa da asuba sannan ta ɓace ta koma fitowa da almuru, amma makiyayi da mafarauci da fatake ba su buƙaci wannan bayani ba kafin su yi amfani da ita wajen sanin dare ya raba ko asuba ta gabato.

Ilimin da ya fi wannan zurfi shi ne na manzilolin wata. Manzili a nan yana nufin masauki, domin wata yana kewaya sama a cikin kwana 27 da 'yan awoyi, kuma kowane dare ana ganinsa a kusa da wasu taurari dabam da na jiya, sai masana na da suka yanka wannan hanya gida 28, kowane gida da sunansa. Ita ma rana tana bin hanyar nan, amma a hankali, tana kwana 13 a kowane gida, in ban da Jabaha da ake ba ta kwana 14, wanda idan aka haɗa duka sai a sami kwana 365 cif. An kasa gidajen kashi huɗu, bakwai-bakwai. Taurarin damina su ne Haƙa'a da Hana'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabaha da Harsan, suna kamawa daga ƙarshen watan Mayu, Jabaha kuwa tana faɗowa a farkon Agusta, lokacin marka, sa'ad da ruwa ke wuni yana zuba. Na kaka suna farawa da Sarfa, su bi ta Iwa da Simaku da Gafaru har zuwa Ƙalbu. Na ɗari suna farawa da Shaula, a cikinsu akwai Sa'adu guda huɗu. Na bazara kuma su ne suke ƙarewa da Naɗaha da Buɗaina da Suraiya da Dabaran. Suraiya ɗin nan ita ce Kaza da 'Ya'yanta, kuma idan rana ta sauka a gidanta sai kazar ta ɓace daga sama na wasu makonni, abin da tsofaffi ke ɗauka alamar damina ta ƙarato. Idan dattijo a ƙauye ya ce tauraro kaza ya kama, ko ya ce saura kwana uku ya fita, yana magana ne a kan wannan jadawali, kuma a kansa ake yanke shawarar shukar gero da dawa, da lokacin da shukar wake ko gyaɗa ta makara.

Asalin wannan tsari daga Larabawa ne, amma ta Magrib ya shigo ƙasar Hausa, tare da fiƙihun Malikiyya da rubutun allo. Tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, da zuwan Shehu Magili a zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, kuma ta irin waɗannan hanyoyi na malamai da fatake littattafan hisabi suka riƙa gangarowa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi fice a Afirka ta Yamma shi ne Muƙni'i, ɗan littafin waƙe na Muhammadu bn Sa'id al-Margiti, malamin yankin Sus na Maroko da ya rasu a 1678. Tare da manzilolin aka karɓi watannin da ake kira na Ajami, irin su Yunayar da Fabrayar da Marisa da Ibrilu har zuwa Dujambar, waɗanda tsohuwar kalandar Rumawa ce da manoman Magrib suka riƙe, kuma a yau tana bayan kalandar da gwamnati ke aiki da ita da kwana 13. Malaman ƙasar Hausa sun mayar da sunayen taurarin da kwanakinsu waƙa domin sauƙin hadda, har Baturen nan masanin adabin Hausa, Mervyn Hiskett, ya yi nazari a kan waɗannan waƙoƙi a wata maƙala da ya buga a Landan a 1967. Alƙur'ani kansa, a aya ta 5 ta Suratu Yunus, ya ambaci manzilolin wata a matsayin hanyar sanin ƙidayar shekaru da lissafi, kuma wannan aya ce hujjar da malamai suka tsaya a kanta wajen karantar da fannin.

Ban da noma, salla ma tana buƙatar awo. Kafin agogo ya wadata, ladan ko almajirin da aka aika ya duba lokaci yakan tsaya a fili ya juya wa rana baya, ya lura da inda inuwar kansa ta tsaya, ya sa alama da tsinke ko tsakuwa, sannan ya auna tsawonta da tafin ƙafarsa, diddige na taɓa yatsa, yana ƙirgawa. An ƙaddara tsawon mutum ƙafa bakwai na ƙafarsa. Azahar tana shiga idan inuwa ta gama raguwa ta fara ƙaruwa, La'asar kuwa idan ta ƙaru da ƙafa bakwai a kan abin da ya saura lokacin zawali, wato lokacin da rana ta gota daga tsakiya. Wahalar ita ce inuwar zawali ba ta tsayawa wuri ɗaya, kowane wata da tasa, don haka sai an haddace adadin ƙafafun kowane wata na Ajami. Gwarzo da Kabo suna kusan digiri 12 arewa da ikwaita, layin da ya raba duniya gida biyu, kuma a irin wannan wuri rana takan tsaya daidai ƙoƙon kai sau biyu a shekara, wajen 21 ga Afrilu da wajen 22 ga Agusta, inda inuwar tsakar rana take ɓacewa ƙarƙashin ƙafa. Tsakanin waɗannan ranaku biyu inuwar tana karkata kudu, sauran shekara kuma arewa. Yaron da ya yi wannan awo shekara guda ya riga ya yi abin da ake kira gwaji a ɗakin kimiyya, domin ya lura, ya auna, ya kwatanta da jadawali, ya kuma ga inda jadawalin ya saɓa da abin da idonsa ya gani.

Sai dai fannin bai taɓa zama lafiya ƙalau a idon malamai ba, kuma dalilin haka yana da muhimmanci ga duk mai son ya fahimci halin da ake ciki a yau. Malamai sun raba ilimin taurari gida biyu. Akwai ilimin tafiyarsu, wanda ake sanin lokaci da alƙibla da yanayi da shi, wannan halal ne, wani sashensa ma wajibi ne a sami mai saninsa a cikin al'umma. Akwai kuma da'awar tasirinsu, wato cewa tauraro ne ke kawo ruwa ko arziki ko mutuwa, ko cewa ana iya karanta gaibu daga burujin da aka haifi mutum a ciki, wannan kuwa hadisi ya yi hani da shi a fili. Matsalar ita ce sau da yawa mutum ɗaya ne yake riƙe da duka biyun, malamin da ake tambaya ranar kamawar Haƙa'a shi ne kuma ake zuwa wurinsa ya zaɓi sa'ar ɗaurin aure ko ta tafiya, ya buga ƙasa, ya zana hatimi. Mashahurin malamin nan Muhammadu bn Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi misali ne na yadda abubuwan biyu suka cuɗanya. Ya bar Katsina ya yi hajji, ya rubuta littafi a 1732 a kan hatimai, waɗanda a wurin masana lissafi na yau murabba'ai ne da jimillar kowane layi nasu take zama ɗaya, ya kuma yi rubutu a kan asiran taurari, sannan ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, wanda shi kansa masanin falaki ne kuma mahaifin marubucin tarihin Masar, Abdurrahman al-Jabarti. Bayan jihadi, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta gargaɗi na musamman a kan nisantar masu rufa-ido da masu duba da taurari. Gargaɗin yana kan hanya, amma a wurin jama'a da ba su bambance ɓangarorin biyu ba, sai zargin ya shafi fannin gaba ɗaya, har ya kai ga cewa idan aka ce wane yana ilimin taurari, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne duba.

Husufi ya nuna giɓin da ke tsakanin sanin malamai da fahimtar jama'a fiye da komai. A al'ada idan wata ya yi duhu sai a ce rana ta kama wata, yara su fito suna kaɗa gwangwani da ƙwarya suna roƙon a sake shi, manya kuma su nufi masallaci domin sallar da sunna ta tanada. Malamai sun san cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore alaƙar husufi da mutuwar wani ko haihuwarsa a ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, masu hisabi kuma sun san cewa husufin wata ba ya faruwa sai a tsakiyar wata, na rana kuma sai a ƙarshensa. Amma bayanin cewa inuwar duniya ce ke faɗawa kan wata, kuma ana iya lissafa ranar da za ta faɗa shekaru da yawa kafin ta zo, bai isa kunnen yawancin matasa ba. A daren 9 ga Janairu 2001 husufin wata ya zama sanadin tarzoma a Maiduguri, inda matasa suka ƙona wurare bisa zaton zunubin masu su ne ya jawo shi. Shekara biyar bayan haka, da hantsin ranar 29 ga Maris 2006, inuwar wata ta ratso ta Gana da Togo da Binin, ta bi ta kan Gusau da Katsina da Maraɗi inda rana ta rufe ruf na 'yan mintuna, mutanen Gwarzo da Kabo kuma, da yake suna kudu kaɗan da wannan ziri, suka ga mafi yawan fuskar rana ta lulluɓe. A wannan karo gwamnati da gidajen rediyo sun yi ta shela tun kafin ranar, aka kuma wuce lafiya, wanda ya nuna cewa jama'a suna karɓar bayani idan an kawo musu shi da harshensu kuma a kan kari.

Karatun boko, wanda ya fara a Kano da makarantar Ɗan Hausa a Nassarawa a 1909, ya zo da nasa labarin sama, amma bai nemi sanin wanda ya tarar ba. An yi ƙoƙari a farko na rubuta kimiyya da Hausa, kamar littafin Ikon Allah da Rupert East da Abubakar Imam suka fitar a ƙarshen shekarun 1940, kuma a 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da aka ɗauka aka zagaya da shi sararin samaniya, littafin da ɗaliban firamare da sakandare da yawa a Arewa suka fara jin sha'awar sama ta dalilinsa. Babban yunƙuri na hukuma ya zo a 1977, lokacin da Jihar Kano, saboda ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan asalin jiha, ta kafa makarantun sakandaren kimiyya na musamman a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, aka riƙa zaɓo yara masu hazaƙa ta hanyar jarrabawa daga kowace ƙaramar hukuma, daga baya aka buɗe ta 'yan mata a Taura. Abdalla Uba Adamu ya yi nazarin digirinsa na uku a Jami'ar Sussex a kan shekaru goma na farkon waɗannan makarantu. Ko kafin su, makarantun kwana na karkara sun riga sun fara fitar da masu sana'ar fasaha, kuma Rabi'u Musa Kwankwaso, wanda ya zama injiniyan ruwa kafin ya shiga siyasa, ya yi babbar firamare ta kwana a Gwarzo kafin ya wuce makarantar koyon sana'a ta Wudil. Makarantun kimiyyar sun yi abin da aka kafa su dominsa, asibitoci da ma'aikatun Kano shaida ne. Amma manhajarsu fiziks ce da kimistiri da bayoloji domin cin jarrabawa, labarin rana da duniyoyin da ke kewaya ta kuwa bai wuce babi guda a darasin labarin ƙasa ba, da Turanci, ba tare da an taɓa gaya wa yaro cewa tauraruwar da aka zana masa a allo ita ce Gamzakin da kakarsa ke tashi da ita ba.

A ɗaya gefen kuma lissafin zaure ya riƙa ja da baya. Agogon hannu da kalandar bango da jadawalin lokutan salla da ake bugawa sun ɗauke buƙatar auna inuwa. Farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, ya girgiza amincewar manoma da tsohon jadawali, domin tauraro yakan kama ruwa bai zo ba, kuma yanzu hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, take fitarwa kowace shekara ana jinsa a rediyo da Hausa. Akwai kuma wani rauni da ke cikin lissafin kansa, wanda ba laifin malaman da suka riƙe shi ba ne. Kalandar Ajami tana zamewa da kwana guda a kowace shekara 128, taurari kuma suna gocewa daga ma'aunin yanayi da digiri guda a kowace shekara 72 saboda layin da duniya ke juyawa a kansa yana lilo a hankali. Jadawalin da aka tsara ɗaruruwan shekaru da suka wuce dole ne ya buƙaci gyara, gyaran kuwa ba ya yiwuwa sai da masu auna sama da kansu, waɗanda ba a tanade su ba.

Ilimin falaki na zamani a Nijeriya ya yi saiwa ne a wani wuri dabam. Samuel Okoye, wanda ya yi bincike a Kambirij tare da Antony Hewish a shekarun 1960, yana cikin waɗanda suka dasa fannin a Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka. An kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, a 1999, aka harba tauraron ɗan'adam na farko, NigeriaSat-1, daga Rasha a watan Satumba 2003, sannan a Agusta 2011 aka harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Nijeriya da aka horar a Ingila suka haɗa. Cibiyoyin hukumar da suka shafi taurari da koyarwa suna Nsukka da Ile-Ife da Abuja. A 2006 wata ɗaliba 'yar shekara 17, Stella Felix, ta shiga jirgin gwajin rashin nauyi a Amurka, kuma makarantar horar da matasa masana taurari ta Afirka ta Yamma ta fara zamanta a Abuja a 2013. Reshen Nijeriya na ƙungiyar Astronomers Without Borders, ƙarƙashin Olayinka Fagbemiro, ya kai madubin hangen nesa makarantu da sansanonin 'yan gudun hijira. Duk wannan aiki ne na a yaba, amma nisan da ke tsakaninsa da ɗalibin sakandare a Getso ko Garo ya fi nisan hanya, domin harshen da ake yinsa da shi da misalan da ake bayarwa duk baƙi ne a wurinsa.

Abin da intanet ta sauya shi ne ta cire sharaɗin mallakar na'ura. Tun 2006 wani shiri mai suna IASC, wanda aka fara a Jami'ar Hardin-Simmons da ke Tekzas, yake raba wa ƙungiyoyin ɗalibai hotunan sama kyauta domin neman duwatsun da ke yawo tsakanin duniyoyi. Babban madubin Pan-STARRS da ke kan wani dutse a Hawai yana ɗaukar hoton wuri ɗaya sau huɗu a tazarar mintuna, ɗalibai su sauke hotunan, su ɗora su a manhajar Astrometrica, wadda take nuna su ɗaya bayan ɗaya da sauri. Taurari na nesa suna tsaye cik, amma idan akwai ɗigon da ke matsawa a miƙe daga hoto zuwa hoto, sai a auna matsayinsa a aika rahoto, idan an tabbatar da shi bayan shekaru na bibiya, waɗanda suka gano shi suna da damar ba da shawarar sunan da za a raɗa masa. Wani shiri da ɗan Nijeriya Miracle Chibuzor Marcel ya kafa, PACS e-Lab, yana shigar da ƙungiyoyi daga ƙasashen Afirka da dama cikin wannan nema. MicroObservatory na cibiyar Harvard da Smithsonian yana barin kowa ya umarci ƙaramin madubi ya ɗauko masa hoton wata ko na duniyar Mushtari a aiko masa ta imel, Zooniverse kuma, wanda ya samo asali daga aikin tantance hotunan gungun taurari a 2007, yana karɓar gudummawar duk mai waya. Manufar masu waɗannan shirye-shirye ba ta tsaya ga samar da masana taurari ba, domin guraben wannan aiki kaɗan ne ko a ƙasashen da suka ci gaba. Abin da suke nema shi ne yaro ya saba da awo da lissafi da kwamfuta ta hanyar abin da ke ba shi sha'awa, daga nan ya iya zama masanin yanayi, ko safiyo, ko injiniyan sadarwa, ko mai karanta hotunan tauraron ɗan'adam domin sanin lafiyar amfanin gona da yawan ruwan madatsai, ayyukan da ƙasar noma irin wannan take matuƙar buƙata.

Cikas ɗin a bayyane suke. Astrometrica tana buƙatar kwamfuta, ba ta aiki a waya, kuma makarantar da ke da ɗakin kwamfuta ba lallai ne tana da wuta ba. Data tana da tsada ga ɗan manomi, bayanan duk da Turanci suke, yarinya kuma ba za a bar ta ta fita kallon sama da dare ba sai da tsari da iyaye suka yarda da shi. Uwa uba, tsohon zargin nan yana nan, kuma malamin makarantar da ya tara yara da sunan ilimin taurari ba tare da ya fara zama da limami da mai unguwa ya bambance musu lissafi da duba ba, ya shirya jin maganganu.

Amma abin da ke hannu ya fi abin da ake zato. A wannan yanki ana ganin tauraron arewa ɗan sama da doron ƙasa, ana kuma ganin Suhailu da taurarin kudu waɗanda yawancin mutanen Turai ba sa gani, kuma daga ɗaukewar ruwa a Oktoba zuwa saukar hazo sama takan yi garau a ƙauyukan da hasken lantarki bai dame ta ba. Manhajar Stellarium, wadda ke nuna taswirar sama ta kowane wuri da kowane lokaci, ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta, ana iya tura ta daga na'ura zuwa na'ura a shagon cajin waya kamar yadda ake tura fina-finai da karatun malamai, kuma a cikinta akwai tsarin manzilolin wata na Larabawa, inda yaro zai ga Dabaran da Jabaha da Shaula da sunayen da kakansa ya haddace. Alƙibla daga ƙasar Kano tana karkata arewa da gabas ta sosai da kimanin digiri 22, kuma a ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27 agogon Nijeriya, rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba, ta yadda duk wanda ya kafa sanda a miƙe ya bi layin inuwarta zuwa wajen rana ya sami alƙibla ba tare da wata na'ura ba. Duban jinjirin wata, wanda ake kai rahotonsa daga dagaci zuwa hakimi zuwa sarki har fadar Sarkin Musulmi, ƙofa ce ta koyar da dalilin da ya sa wata yake yin 29 ko 30, da dalilin da ya sa da wuya ido ya ga jinjirin da bai kai awa 15 da haihuwa ba. Gwajin da Eratosthenes ya yi a Masar fiye da shekara 2,200 da suka wuce, inda ya auna girman duniya da inuwar sanda a garuruwa biyu, makarantu a ƙasashe daban-daban suna maimaita shi tare ta intanet, kuma ba ya buƙatar komai sai sanda da ma'auni da irin haƙurin almajirin da ke ƙirga ƙafafunsa.

A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa kwalejin kimiyya da fasaha a Kabo, wanda ya kawo malaman fiziks da lissafi da ɗakunan kwamfuta kusa da waɗannan garuruwa fiye da kowane lokaci a baya. Aiki na farko da ya kamata irin wannan cibiya da malaman sakandaren Gwarzo da Kabo su sa a gaba shi ne su tura ɗalibansu, da wayoyin da ke aljihunsu, su zauna da dattawan da har yanzu suke iya jero taurarin damina bakwai da kwanakinsu, su naɗi abin da suka sani game da shuka da iska da ruwan kowane tauraro, su rubuta shi da Hausa, sannan su gwada shi da ma'aunin ruwan sama da taswirar Stellarium shekara bayan shekara. Mafi yawan masu wannan sani sun manyanta, kuma kaɗan ne daga cikinsu suke da almajirin da ya ɗauka.